Kwantirol bod na birkin hannu ya mutu, in sa hom-yus ko in haƙura in jira sabo?

Ɗan Aboabo:

Salamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Dan Allah masu sanin mota ku taimaka min da shawara dan kaina ya ɗaure, yau kwana shida ke nan motata na ajiye a ƙofar gida, sai pragya, keken haya mai ƙafa uku, nake hawa in je kasuwa in dawo.

Jif ce ƴar Koriya ta 2015, dizal, otomatik, hom-yus na saye ta, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje aka shigo da ita, shekara uku da suka wuce. Ba ta da birkin hannu irin na da wanda ake ja da ƙarfi, wani ɗan maɓalli ne kusa da giya mai harafin P, ka ɗaga shi ya kama, ka taka birki ka danna shi ya saki. Tunda na saye ta bai taɓa ba ni ciwon kai ba sai makon jiya. Ranar da aka yi ruwan nan mai yawa na taso daga Kejetia a nan Kumasi da yamma, kun dai san yadda rafin Aboabo yake in ya cika ya hau titi, ga yara a mota ga magariba ta kawo kai, sai na kutsa a hankali, ruwan ya kai rabin taya ko ya ɗan fi. Washegari na kai ta washin be suka wanke ƙasanta da mashin ɗin nan mai feshi da ƙarfi saboda laka. Bayan kwana biyu na ɗaga maɓallin a ƙofar masallaci sai na ji wata ƙara daga baya, ƙiiii ƙaƙaƙa kamar injin niƙa ya haɗu da tsakuwa, jar wutar P ta fara ƙyaftawa, wata mai ruwan ɗorawa ita ma ta kama. Da ƙyar ya saki na lallaɓa gida. Da na iso hannuna ya riga ya saba, na sake ɗagawa, shi ke nan ya kama ya ƙi saki sam, tayar baya ta hagu ko motsi.

Na kira fita, wato makanike, ya zo gida ya cire tayar ya sassauta wani abu ta ciki har ta juya, ya leƙa ƙasan motar ya ce kwantirol bod, wato ƴar kwamfutar da ke sarrafa birkin, shi ne ya mutu. Bai sa ta a mashin ɗin kwamfuta mai gano matsalar mota ba gaskiya, da ido da kunne ya faɗa. Na tambayi sabo an ce sidi 9,500 kuma sai an yi oda, sati uku zuwa huɗu. Hom-yus kuma fitan ya ce ya ga wani a Magazine, kasuwar gyara da kayan mota ta Suame, a kan 3,000, in na ba shi kuɗi yau gobe mota ta tashi.

To abin da nake so in ji daga bakinku, wannan abin ana sa hom-yus ɗinsa a kwana lafiya kuwa? Dan birki ne ba rediyo ba, iyalina nake ɗauka. Sannan wani abokina ya ce min ko na sayo ba zai yi aiki ba wai yana riƙe da chasis namba na motar da aka ciro shi, sai an yi masa furogiramin, gaskiya ne? Kuma in na bar shi haka ina sa giya a P kawai akwai matsala? Gidanmu a kan gangare yake, wanda ya san Kumasi ya san ba mu da fili shimfiɗaɗɗe sosai. Ƙarshen wata ina da tafiya Bawku bikin ƙanwata, shi ya sa hankalina ya tashi. Allah ya saka da alheri.

Masta Mai Waya, Suame:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da wannan jarabawa. Ni aikin wayar mota nake yi a Magazine, irin wannan aikin yana zuwa shagona sosai musamman da damina, dan haka ka ɗan yi haƙuri zan yi tsawo.

Kafin komai, kar ka ba kowa ko pesuwa ɗaya sai an sa motar nan a mashin. Ba ina rena fitan naka ba ne, mai yiwuwa ma ya canka daidai, amma birkin nan ba a yanke masa hukunci da kunne. Sau nawa aka kawo min mota an riga an sayi bod, in duba in tarar batir ne ya yi sanyi. Ka sa a auna batir ɗinka mota a kashe, lafiyayye yana ba da wajen volt 12.6, in ka ga yana wasa a 12.0 ko ƙasa to wannan kaɗai ya isa ya kunna maka wutar P, dan motan birkin, wato ɗan injin lantarkin da ke kama shi, yana jan wuta sosai lokacin da yake matsewa. In an tayar da inji kuma ya kamata ka ga kusan 14. Daga nan fiyus, daga nan soket ɗin da ke shiga bod ɗin, a cire a leƙa ko ya yi kore da tsatsa, sannan wayar at wadda aka ɗaure a jikin bodi. Shi kansa maɓallin ma yana lalacewa, barin ma in ana zubar da shayi ko lemo a wajen giya.

In aka sa mashin ka kula da harafin farko na lambar da zai fito. Wadda ta fara da C matsalar ɓangaren birki da ƙafafu ce, wadda ta fara da U kuma magana ce ta yanke tsakanin kwamfutocin motar. Misali U0128 ma'anarta sauran kwamfutocin sun daina jin bod na birkin hannu, to wannan zai iya zama bod ɗin ya ƙone, zai kuma iya zama wuta ce kawai ba ta isa gare shi. Ka ga bambancin sidi 3,000 da fiyus na sidi biyar. Ka ɗauki hoton lambobin da wayarka kafin a goge, dan wasu yaran da zarar sun sa mashin sai su danna gogewa su ce an gyara.

Yanzu birkin nan iri biyu ne, ya kamata ka san wanne ne naka. Akwai wanda aka ɗora ƙaramin mota a bayan kowace kalipa ta baya, wato ƙarfen da ke kama diskin birki, shi ke tura pistin ya matse pad, irin wanda Passat ta zo da shi tun 2005, kuma yawancin sababbin motoci yanzu shi ne. A wannan irin wani lokaci bod ɗin daban yake a cikin mota, a sababbi kuma da yawa an cusa aikin cikin kwamfutar ABS mai hana taya kullewa in an taka birki, babu ma wani bod na daban da za ka saya. Sai na biyu mai jan kebul, irin wanda BMW suka fara sa wa 7 Series a 2001, akwati ɗaya ne a ƙasan mota wajen tayoyin baya, a cikinsa akwai mota da haƙoran giya da abin auna ƙarfin ja da bod ɗin duk a haɗe, kebul biyu sun fito ɗaya hagu ɗaya dama suna jan wasu ƙananan shu na birki da ke ɓoye a cikin diskin baya. Tunda ka ce fita ya cire taya ya sassauta abu ta ciki ta saki, kuma ka ji ƙarar niƙa, naka mai kebul ne. Ƙarar nan haƙoran giya ne suke cin junansu, da yawansu roba ne.

To ga inda nake so ka buɗe kunne sosai. Akwatin nan ba kasafai yake mutuwa haka kawai ba, wani abu ne ke kashe shi. Ko dai ruwa ya shiga, ko kebul ya yi tsatsa ya ƙi zamewa cikin rigarsa, ko shu ɗin ya cinye tazara ta yi yawa motan yana ta ja har ya kai ƙarshe, ko kuma laka ta cika cikin diskin ta ƙame. Motan zai ta shan wahalar ja ne, wata rana haƙori ya karye. In ka sayo wani ka ɗaura ba ka gyara abin da ya kashe na farko ba, wallahi ko sabo dal ne a kwali bin sahunsa zai yi, sai a ce hom-yus ba shi da kyau alhali ba laifinsa ba ne. Tayar hagu da ta ƙi saki ita nake zargi, a buɗe ta a duba kebul da shu da sifirin.

Maganar abokinka akwai gaskiya a ciki amma ba duka ba. Wasu kwamfutocin, musamman na ABS, suna riƙe chasis namba mai harafi da lamba 17 ɗin nan, sai an rubuta musu na motarka. Akwatin mai kebul kuwa yawanci abin da yake so shi ne lambarsa ta dace da motar, sannan bayan an ɗaura a saita shu da hannu tukun, a sa mashin a koya masa inda ja ya fara da inda ya ƙare. Wasu motocin kuma sai an ajiye su a fili daidai ba karkata an saita abin da ke gane gangare, in ba haka ba zai riƙa riƙe ka lokacin tashi ko ya sake ka da wuri. Mashin irin Launch ko Autel mai kyau yana yin wannan a motoci da yawa, ka tambayi mai mashin tun kafin a kwance komai ko nasa yana shiga ɓangaren birkin hannu na motarka, kar a kwance a zo ana kallon juna.

Hom-yus ana sawa, ni ma ina sawa, kuma sau da yawa na fi yarda da orijina hom-yus a kan sabon da ba a san wanda ya ƙera shi ba. Amma da sharaɗin da na faɗa.

Na Abossey Okai:

Salam. Masta ya gama magana ta ɓangaren aiki, ni bari in faɗa maka ta ɓangaren kasuwa tunda kayan mota nake sayarwa a nan Accra, kuma abin da zan faɗa ko a Magazine ko a Kokompe duk ɗaya ne.

Kar ka aika kowa da sunan mota da shekara kawai. Ka ce jif ƴar Koriya 2015 a ba ka, to an ba ka, amma mota ɗaya shekara ɗaya tana iya zuwa da akwati kala biyu ko uku, mai fo-wil da mai tu-wil, doguwa mai kujera bakwai da gajera, mai maɓallin AUTO HOLD da marar shi, ta kasuwar Koriya da ta Amurka da ta Turai. A ido duk kamarsu ɗaya, sai ka je ɗaurawa ka ga kebul ya gaza da ɗan yatsa biyu ko soket ya ƙi shiga. A kwance naka tukun, a wanke shi, akwai takarda manne a jiki mai lamba, ka ɗauke shi a leda ka je da shi da ƙafarka a ajiye su gefe da gefe. Lambar ta dace har harafin ƙarshe. In mai shago ya ce ai duk ɗaya ne an canza lambar ne kawai, yana iya zama gaskiya dan kamfanoni suna sabunta lamba, amma ya nuna maka a kwamfuta da chasis nambarka, ba da baki ba.

Sannan ka duba shi kamar yadda ake duba ragon layya. Ƙusoshin murfin in kansu ya ci alama ce an taɓa buɗewa. In ka ga gam baƙi ko ja an shafa a bakin murfi to an buɗe an liƙe. Ka leƙa cikin soket da tocilan waya, fil ɗin su zama fes, in ka ga kore ko fari kamar gishiri ka ajiye. Ka girgiza a kunnenka, in wani abu na kaɗawa a ciki haƙori ne ya karye. Kebul kuma kar ka karɓi wanda aka datse da giranda, yaran da ke kwance motoci a waje sauri suke yi wani lokaci sai su yanke, kuma kar ka karɓi wanda rigarsa ta tsage ko ya lanƙwashe ya yi gwiwa. Kayan da suka fito daga ƙasashen ƙanƙara inda ake zuba gishiri a titi, irin Kanada da arewacin Amurka, ƙasansu yana cin tsatsa sosai, ga kuma motocin da ambaliya ta shanye a can ake gwanjonsu a kwance a turo mana kayan. Akwai kuma abin da ni nake kira yus na gida, wato wanda aka cire daga motar da ta gama wahala a titinmu nan aka wanke da fetur aka ce hom-yus ne, farashinsu bai kamata ya zo ɗaya ba.

Abu mafi muhimmanci, ku yi magana a kan dawowa tun kafin kuɗi ya fita. Da yawanmu a kasuwa ba ma karɓar kayan wuta in sun fita, dalili kuwa wani zai kai wa mai wayar da bai iya ba ya ƙona ya dawo ya ce dama a mace yake. Dan haka ka nemi kwana uku ko sati na gwaji, a rubuta a rasit da lambar kayan, ya sa alamarsa a jiki kai ma ka sa taka. In ta MoMo, wato kuɗin waya, ka biya ka ajiye saƙon. Wanda ya ƙi yarda da ko kwana ɗaya na gwaji ka bar masa kayansa, shago ba ɗaya ba ne. Kuma gara ka je da mai wayar da zai ɗaura, in ya sa hannu a zaɓe ba zai zo daga baya ya ɗora wa mai shago ba.

3,000 ɗin da aka ce maka kuma ka tambaya da kebul ne ko babu, dan nan ake yi wa mutane wayo.

Hajiya Mai Atamfa:

Ƙanina ni dai tawa shawarar daban ce, in kana da hali ka jira sabon. Na sa hom-yus a tawa motar bara, ba ma irin taka ba ce, tawa mai mota a jikin kalipa ce, na ɓangare ɗaya ya mutu aka sa min wani. Wata biyu lafiya lau, ranar nan na je Adum ɗaukar kaya na ajiye a gangare na ɗaga maɓalli wuta ta kama ja kamar kullum, na fita na buɗe but ina magana da kayayo mai ɗaukar kaya sai na ga mota na ɗan matsawa tana ƙara tak tak, ashe ɓangare ɗaya ne ya riƙe. Allah ya taimake ni giya na P. Ga yara ƴan makaranta suna wucewa ta gaban motar, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Na koma wajen wanda ya sayar ya ce kwanan gwaji ya wuce, na sake biyan kuɗin wani da kuɗin aiki, in ka haɗa duka saura kaɗan ya kai kuɗin sabo, araha ba ta ado dama.

Ban ce Masta bai faɗi gaskiya ba, ya fi ni sani nesa ba kusa ba, amma shi in abu ya lalace zai gane da wuri ya gyara da hannunsa, ni da kai sai dai mu ji a jikinmu. Bikin Bawku ka hau bas mana, motoci na tashi kullum, ƙanwarka kai take so ta gani ba jif ba. Tafiyar nan doguwa ce, Techiman, Kintampo, Tamale, Bolga kafin ka ƙarasa, in ya kama ya ƙi saki a wani ƙauye wa zai zo maka da mashin?

Baba Tsohon Direba:

Yaro sannu. Ni na fara tuƙi shekara biyu bayan Ghana ta koma hannun dama a 1974, lori na ja har ƙarfina ya ƙare, wannan na maɓalli jikokina ne suke nuna min. Amma tambayarka ta uku zan amsa. P na giya ba birki ba ne, wani ɗan ƙarfe ne kamar yatsa yake shiga tsakanin haƙora a cikin giyabos. In ka saki nauyin jif gaba ɗaya a kansa a gangare kullum, za ka ji ranar da za ka cire giya tana yin gau da ƙarfi, wannan wahala kake ba shi, kuma gyaran giyabos ya fi wannan akwatin naka tsada. Kafin ka gyara, in dole ka ajiye a gangare, ka karya sitiyari taya ta kalli gefen gota ko bango, ƙafarka na kan birki a sa maka katako ko dutse a taya, ka saki a hankali ta zauna a kan katakon, sannan ka sa P. Mu da weji muke yawo a lori, yaron mota na dira kafin a tsaya. Kuma duk wanda zai shiga ƙasan motar nan kar ya yarda da jak kaɗai, na ga abin da jak ya yi wa mutum da idona a Tafo.

Masta Mai Waya, Suame:

Hajiya abin da ya same ki abin tsoro ne, Allah ya ƙara tsarewa, kuma ban ga laifinki ba da kika ce sabo. Amma ki sa a duba pistin da fil ɗin da kalipar ke zamewa a kansu, in sun ƙame za su ci mota na uku ma. Kuma ku masu irin ta Hajiya, ranar canza pad na baya kar ku bar fita ya matse pistin da ƙarfi ko ya buga da guduma kamar na tsohuwar mota, sai an sa birkin a yanayin sabis motan ya ja da baya tukun, a wasu da mashin a wasu da danne-dannen maɓalli da totur. Kuma in kalipa na rataye a waje kar kowa ya taɓa maɓallin, pistin zai fito ne gaba ɗaya mai ya zube.

Ɗan Aboabo na manta ban faɗa maka ba, wannan birkin ba na ajiye mota kaɗai ba ne. A yawancin motoci in birkin ƙafa ya ba ka kunya kana tafiya, ka ɗaga maɓallin ka riƙe, motar za ta rage gudu da kanta. Shi ya sa ba na son masu cewa a cire fiyus a manta da shi, ballantana mai hanyar arewa a gabansa.

Ɗan Aboabo:

Jama'a na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri, Masta, Alhajin Abossey Okai, Hajiya, Baba, na gode ƙwarai. Bari in ba ku yadda aka yi dan wani ya amfana.

Ranar Litinin na lallaɓa da ita Magazine da sassafe kafin go-sulo na randabawul ɗin Suame, katako biyu a but kamar yadda Baba ya ce. Aka auna batir 12.5, ba shi ba ne. Fiyus lafiya. Mashin ya shiga bod ɗin har ya yi magana, ya ba da lambobi masu C guda biyu, na ɗauki hoto. Da aka kwance akwatin aka buɗe, ruwa ne ya zubo mai launin shayi, haƙoran giya guda sun zube kamar garin rogo, bod ɗin ma gefensa ya yi kore. To fitana ya canka, akwatin ya tafi. Amma da aka buɗe tayar hagu sai ga abin da Masta ya faɗa, kebul ɗin ko da filaya mutum biyu suka ja bai motsa ba, rigarsa ta tsage tun tuni tsatsa ta cinye ciki, shu ɗin kuma fatar ta ɓare daga ƙarfen tana yawo a cikin diski da laka. Mai wayar ya ce wannan ya daɗe yana wahalar da motan, ruwan ƙarasa shi kawai ya yi. Da na ba da 3,000 ranar nan aka ɗaura a kan wannan shu ɗin, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Muka shiga shaguna ni da shi da tsohon a leda. Na farko da aka fito da shi, wanda fita ya gani, lambar ta bambanta a ƙarshe, muka gwada kebul a ƙasa na dama ya gaza, na mai tu-wil ne tawa kuma fo-wil ce. Shago na huɗu muka samu wanda ya dace har ƙarshe da kebul ɗinsa biyu ba yanka, soket fes, mai shagon ya ce 3,600 muka tsaya a 3,300, ya yarda da sati ɗaya na gwaji ya rubuta a rasit. Shu da sifirin sababbi na saya na ɓangare biyu, wannan ban yarda da hom-yus ba. Aka ɗaura aka saita shu da hannu, aka kai ta fili mai siminti aka yi saitin mashin, wutar ta mutu. Muka je wani gangare wajen Tafo aka sa giya a N aka ɗaga maɓalli ina zaune ƙafata kusa da birki, ta tsaya cak, muka juya ta ta kalli sama aka sake, ta riƙe. Aka ɗaga bayan a jak da ƙarfen tokare aka juya kowace taya da hannu dan a tabbatar duka biyun suna kamawa suna saki, wannan saboda labarin Hajiya na nace a yi.

Hajiya maganarki ba ta faɗi ƙasa ba, na yanke in satin gwajin nan ya cika na ji ko ƙaramar ƙara ce to bas zan hau. Yau kwana uku ke nan ina ɗagawa sau goma a rana ina saurara da gilas a buɗe.

Masta tambaya ɗaya ta rage, jiya bayan na yi tafiya daga Aboabo zuwa Ejisu na dawo na taɓa wil na baya, na hagu ya ɗan fi na dama ɗumi, ba zafin da zai ƙona hannu ba, kuma ba wari. Sabon shu ne yake zama ko in koma a ɗan sassauta shi?

Masta Mai Waya, Suame:

Ka koma gobe da safe kar ka jira, a ɗaga a juya tayar, in tana gogawa a mayar da saitin baya haƙori biyu ko uku a sake yin na mashin. A duba kalipar hagun ma tunda ita ma ta sha ruwan. Aikin rabin awa ne, kuma ka je tun rasit ɗinka na da rai.